Daga Ƙurɗuba zuwa tsaunukan Alps: yawon buɗe ido a jirgin ƙasa

Duk wanda ya nemi shawarata kan yadda zai tsara yawon buɗe ido a ƙasashen waje, musamman a nahiyar Turai, abin da nake fara gaya masa shi ne ya rabu da jirgin sama da zarar ya sauka a ƙasar farko, ya koma wa jirgin ƙasa har ranar da zai juyo gida. Dalili na farko a fili yake. An gina akasarin manyan tashoshin Turai ne a ƙarni na 19, lokacin da biranen ba su faɗaɗa ba, saboda haka a yau tashoshin suna tsakiyar gari, kuma mutum yakan fito daga tarago ya taka da ƙafarsa zuwa tsohuwar unguwa, alhali filin jirgin sama yakan kasance can bayan gari. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Wanda ya bi ta ƙasa yana ganin abin da ke tsakanin birni da birni, wato koguna da gonaki da tsaunuka, kuma waɗannan ne ke bayyana masa abin da ya sa aka kafa gari a inda aka kafa shi, da abin da ya sa wani ya yi arziki, wani kuma ya gagari mayaƙa shekara da shekaru.

Sai dai jiragen ƙasa iri biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba yakan yi asarar kuɗi ko ta lokaci. Akwai masu gudun tsiya, waɗanda kan kai kilomita 300 cikin sa'a, kuma aikinsu shi ne su haɗa manyan birane. Akwai kuma masu tafiyar hawainiya a kan tsofaffin layukan dogo na cikin tsaunuka, inda tafiyar ita kanta ce abin da aka je gani. Ra'ayina shi ne a hau mai sauri idan birni ake nufi, a hau mai nawa idan ƙasa ake son kallo, kuma a rage yawan wuraren da za a ziyarta domin kowanne ya samu haƙƙinsa.

Idan biranen tarihi ake magana, ban san wani yanki da jirgin ƙasa ya sauƙaƙa zagayensa kamar kudancin Sifaniya ba, wato ƙasar Andalus. Layin jirgi mai sauri na farko a ƙasar, wanda aka buɗe a 1992 tsakanin Madrid da Ishbiliya (Sevilla) mai nisan kilomita 471, ta nan ya ratsa. Jirgi yana tashi daga tashar Atocha, ya keta shimfiɗaɗɗen filin La Mancha, ya shiga duwatsun Sierra Morena ta ramukan da aka fasa, sannan ya gangaro kwarin kogin Guadalquivir, inda itatuwan zaitun suke jere iyakar ganin ido. Ƙasa da sa'a biyu za a isa Ƙurɗuba, wadda a kan tikiti za a ga an rubuta ta Cordoba. Wanda ya ga waɗannan duwatsu a arewa da wannan kwari mai albarka a kudu ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ya sa Banu Umayya suka mayar da garin hedikwatar mulkinsu.

Babban masallacin Ƙurɗuba shi ne abin da ke kai mutane garin, kuma ya cancanci a ba shi safiya guda cur. Abdurrahman na ɗaya ne ya fara gina shi wajen shekarar 785, waɗanda suka gaje shi suka yi ta faɗaɗa shi har zuwa ƙarshen ƙarni na 10. Maginan sun yi amfani da ginshiƙan da suka kwaso daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka biyo bayansu, kuma da yake ginshiƙan gajeru ne, sai suka ɗora bakan gini biyu, ɗaya a kan ɗaya, domin rufin ya yi sama. Sun gauraya jan bulo da farin dutse a bakan, abin da ya haifar da ratsin ja da fari da aka san wurin da shi. Ginshiƙai fiye da 850 ne suke tsaye har yau. Mihrabin, wanda aka yi a zamanin Alhakam na biyu, an ƙawata shi da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, aikin gwanayen da aka ɗauko daga daular Rumawan gabas. Kiristoci sun karɓi garin a 1236 suka mayar da ginin majami'a, a ƙarni na 16 kuma aka gina wata babbar coci a tsakiyarsa, ta yadda mai zagayawa zai fito daga duhun ginshiƙai kwatsam ya tsinci kansa ƙarƙashin wani dogon rufi mai haske na wani zamani dabam. Ya kamata Musulmi mai ziyara ya san cewa hukumar cocin ce ke kula da wurin, kuma ba a yarda a yi salla a ciki ba.

Mutane da yawa kan sauka a Ƙurɗuba da hantsi su wuce da la'asar, kuma a ganina wannan rowa ce ga garin da ya haifi Ibn Rushd a 1126. Wanda ya kwana zai ga tsohuwar gadar Rumawa da yamma bayan motocin 'yan yawo sun watse, washegari kuma ya leƙa kangon Madinatuz Zahra, kimanin kilomita 8 yamma da gari. Abdurrahman na uku ne ya fara gina wannan birnin sarauta a 936, shekara bakwai bayan ya ayyana kansa halifa, amma bai cika shekara 80 a tsaye ba yaƙin basasa ya rushe shi. Wanda ya ga masallacin kawai ya ga ƙarfin daular, wanda ya ƙara da kangon ya ga yadda ta wargaje daga cikin gida.

Daga Ƙurɗuba zuwa Ishbiliya tafiyar kamar minti 45 ce. A can akwai hasumiyar Giralda, wadda Muwahhidun, sarakunan Musulmi daga Maroko, suka gina tsakanin 1184 da 1198 a matsayin hasumiyar kiran salla, daga baya aka ɗora mata ɗakin ƙararrawa. Maimakon matakala, gangare aka yi a cikinta mai zagayawa har sama, saboda haka hawanta ba ya da wuyar da tsawonta ke nunawa. Garnaɗa (Granada) kuwa sai a 2019 jirgi mai sauri ya isa gare ta, ta wani reshe da ya balle a Antequera. Jinkirin bai rasa nasaba da yanayin ƙasar ba, domin garin yana gindin tsaunukan Sierra Nevada, kuma waɗannan tsaunuka suna daga cikin abubuwan da suka taimaki daular Banu Nasr, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta rayu har zuwa farkon watan Janairu na 1492, fiye da shekara 250 bayan faɗuwar Ƙurɗuba. Fadar Alhamra tana kan tudu, an janyo mata ruwa daga kogin Darro ta magudanar da aka haƙa a gefen dutse, kuma ruwan nan ne ran wurin, domin kusan kowane tsakar gida yana da kwarminsa ko maɓuɓɓugarsa. A jikin bangaye an sassaƙa taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", sau ba adadi. Abin lura a nan shi ne tikitin shiga fadojin Banu Nasr yana da ƙayyadadden lokaci, yana ɗauke da sunan mai shi, ana neman fasfo a ƙofa, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar. Saboda haka tikitin Alhamra ake fara saye, sannan a nemi na jirgin da ya dace da shi. Da yamma a hau unguwar Albaicin da ke fuskantar fadar, inda aka buɗe sabon masallaci a 2003, a kalli jajayen ganuwoyin da fararen tsaunuka a bayansu.

Kafin a bar Sifaniya, Toledo tana nan kusa da Madrid, tafiyar rabin sa'a da 'yan mintoci. Kogin Tajo ya kewaye ta ta gefe uku, kuma bayan Kiristoci sun karɓe ta a 1085 ta zama cibiyar da aka fassara littattafan likitanci da lissafi da falsafa daga Larabci zuwa Latin. Ita kam yini ɗaya ya ishe ta.

Italiya ba ta buƙatar talla, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Jiragen Frecciarossa da Italo suna haɗa Roma da Filorens cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi, daga Filorens zuwa Benis kuma sa'a biyu da 'yan kai. A Roma akwai dandalin Kolosiyam da aka kammala a shekara ta 80 miladiyya, a Filorens akwai ƙubbar babbar coci da Brunelleschi ya gina tsakanin 1420 da 1436, daga Nafoli kuma ƙaramin jirgi yana kai mutum Pompeii, garin da tokar dutsen Vesuvius ta binne a shekara ta 79. Abin da nake so in ja hankali gare shi shi ne shiga Benis. Jirgi yana barin tudu ya hau wata gada mai tsawon kusan kilomita 4 da aka buɗe a 1846, ruwa dama da hagu, har ya tsaya a tashar Santa Lucia, kuma da fitowa daga ƙofar tashar sai ga babbar mashigar ruwan garin a gabanka da kwale-kwale suna kai da komo. Birnin yana kan ƙananan tsibirai 118, an kafa gine-ginensa a kan turakun itace da aka kakkafa cikin laka, kuma mota ba ta shiga cikin tsohon garin, a bakinsa take tsayawa. Wannan ne ya sa babban akwati yake zama azaba a can, tun da gadojinsa kusan 400 yawancinsu masu matakala ne. A kula kuma kada a sauka a Mestre, tashar da ke gabanin gada, domin sunan Benis yana jikin allonta ita ma.

Daga Milan ne tafiya ta biyu take farawa, wato ta masu nawa. Wani jirgin yanki yana bin gefen tafkin Como zuwa Tirano, ƙaramin gari a kan iyakar Italiya da Suwizalan, mai tsayin mita 429 daga doron teku. A nan ake shiga jan jirgin layin Bernina, wanda idan aka ce in zaɓi layin dogo ɗaya tak a Turai shi zan zaɓa. Yana fara tafiya ne a kan titin gari, yana ratsa dandalin coci kamar motar haya, sannan ya fara hawa. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da riƙon da tayar roba take da shi a kan kwalta, saboda haka jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsini kai tsaye. Dabara biyu injiniyoyi suke yi: ko su sa wa layin haƙora a tsakiya waɗanda jirgin zai riƙa kamawa, ko su tsawaita hanyar da lanƙwasa da zagaye domin hawan ya yi sauƙi. Masu layin Bernina, wanda aka kammala a 1910, dabara ta biyu suka bi, kuma duk da haka akwai inda jirgin yake hawan mita 70 a cikin kilomita ɗaya. A Brusio an gina gadar dutse mai zagaye, inda jirgin yake juyawa ya bi ta ƙarƙashin kansa, har wanda ke taragon baya yana hango kan jirgin a gefensa.

Cikin sa'a ɗaya da rabi ko makamancin haka ake barin gonakin inabi a isa inda ko bishiya ba ta tsirowa. A Alp Grüm ana fuskantar daskararriyar ƙanƙarar Palü, a ƙasa kuma ana hango kwarin da aka baro. Ƙololuwar layin tana tashar Ospizio Bernina, mita 2,253, a bakin tafkin Lago Bianco mai ruwa fari-fari saboda garin dutsen da ƙanƙara take niƙawa. A daidai wannan wuri ruwa yake rabuwa biyu. Wanda ya gangara kudu yana shiga kogin Po ya ƙare a tekun Adriyatik, wanda ya gangara arewa kuma yana bin kogin Inn zuwa Danub har Baƙin Teku. Da an fara sauka za a wuce Morteratsch, inda ƙanƙarar ta ja da baya fiye da kilomita biyu tun ƙarshen ƙarni na 19 saboda ɗumamar yanayi, kuma an kafa alamomi a gefen hanyar ƙafa masu nuna inda bakinta yake a shekaru daban-daban. Wanda ke da lokaci ya sauka ya taka wannan hanya, jirgi na gaba zai ɗauke shi.

Rabi na biyu na tafiyar, wato layin Albula, ya fi na farko nuna gwanintar gini. Tsakanin Preda da Bergün jirgin yana sauka kimanin mita 400 ta hanyar zagayawa a cikin ramukan da aka fasa kamar dodon koɗi, ta yadda mutum zai shiga duhu kogi yana hannun damansa, ya fito ya same shi a hagu. Sannan sai gadar Landwasser mai tsayin mita 65, wadda take lanƙwasa a sararin sama, ƙarshenta ɗaya kuma ya haɗe da bakin rami a jikin dutse tsaye. Daga Tirano zuwa garin Chur na Suwizalan gaba ɗaya sa'a huɗu ne da ɗoriya, ramuka 55 da gadoji 196, kuma UNESCO ta sanya layin cikin kayan tarihin duniya a 2008. A kan wannan layi ne aka haɗa jirgin fasinja mafi tsawo a duniya a watan Oktoba na 2022, mai tarago 100 da tsawon kusan kilomita biyu.

Akwai abin da ba kasafai masu tallan yawo suke faɗa ba. Jirgin Bernina Express mai manyan tagogin gilashi har rufi yana buƙatar kuɗin kama kujera a kan kuɗin tikiti, amma jiragen yau da kullum na mutanen yankin suna bin layin nan ɗaya, suna wuce duwatsun nan ɗaya, ba tare da wannan ƙari ba. Bugu da ƙari mutum yana iya sauka inda ya ga dama, kuma a wasu taragansu ana iya zuge taga, abin da mai ɗaukar hoto zai fi so, tun da gilashi yana mayar da haske. Game da Glacier Express, wanda ya fi suna, yana tafiya daga Zermatt zuwa St. Moritz tun 1930, nisan kilomita 291 cikin kimanin sa'a takwas, yana haye mashigar Oberalp mai tsayin mita 2,033 ya bi ta kwazazzabon kogin Rhine. Kyakkyawar tafiya ce, amma sa'a takwas a kujera ɗaya tana gajiyar da ido, kuma tun da aka buɗe ramin Furka a 1982 jirgin ya daina bi ta gefen daskararriyar ƙanƙarar (glacier) da ya samo sunansa daga gare ta. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki biyun ba, Bernina ta ishe shi.

Batun rami yana da muhimmanci ga duk mai son kallo. Ramin Gotthard na ƙasa, wanda aka buɗe a 2016, shi ne ramin jirgin ƙasa mafi tsawo a duniya da kilomita 57, kuma jiragen Zurik zuwa Milan ta cikinsa suke bi, ma'ana fasinja yana ƙetare tsakiyar tsaunukan Alps cikin kusan minti 20 bai ga komai ba sai bango. Tsohon layin 1882 yana nan yana aiki, kuma a kansa ne ake ganin cocin ƙauyen Wassen har sau uku daga wurare uku saboda zagayen hanya. Manhajojin sayar da tikiti hanya mafi sauri suke fara nunawa, saboda haka sai mutum ya nemi tsohon layin da kansa. Haka abin zai kasance a Ostiriya, inda layin Semmering mai tsawon kilomita 41, wanda Carl von Ghega ya kammala a 1854, ya zama layin dogo na farko da UNESCO ta karrama a 1998, yanzu kuma ana aikin gina rami a ƙarƙashinsa.

Semmering yana kan hanyar da ta fito daga kudu zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya, wanda sojojin Usmaniyya suka yi wa ƙawanya sau biyu, a 1529 da 1683, ba su ci shi ba. Daga can zuwa Budafes, babban birnin Hungari, ƙasa da sa'a uku ne. Turkawa sun mulki Buda, wato ɓangaren Budafes na yamma, daga 1541 zuwa 1686, kuma sun bar gidajen wanka masu ƙubba da ake amfani da su har yau, da hubbaren Gül Baba a kan tudu. Firag kuma, babban birnin ƙasar Cek, tafiyar sa'a huɗu ce daga Biyana, ga gadar Charles da aka fara ginawa a 1357 da agogon taurari na 1410. Can arewa, layin Oslo zuwa Bergen a ƙasar Norwe, wanda aka buɗe a 1909, yana ɗaukar kimanin sa'a bakwai, yana ratsa wani tudun da babu kowa sai dutse da tafkuna da dusar ƙanƙara, tashar Finse tana kan mita 1,222. A Myrdal wani reshe mai kilomita 20 yana gangarawa daga mita 860 da 'yan kai zuwa bakin teku a Flåm, har jirgin yakan tsaya a gaban wani babban magangarin ruwa domin fasinjoji su fito su kalla.

Ba a Turai kaɗai ake wannan irin yawo ba, kuma mai sha'awar tarihin Musulunci bai kamata ya manta da Uzbekistan ba. Jirgin Afrosiyob ya fara aiki a 2011 tsakanin Tashkent da Samarƙand, tafiyar sa'a biyu da 'yan mintoci, a 2016 kuma aka kai shi Bukhara. A Samarƙand akwai dandalin Registan mai makarantu uku suna fuskantar juna, mafi tsufarsu ita ce wadda Ulug Beg, jikan Taimur, ya gina tsakanin 1417 da 1420, kuma shi wannan sarki masanin taurari ne da ya gina ɗakin nazarin sararin sama a garin. Kabarin Imam Bukhari, wanda ya rasu a 870, yana wani ƙauye a wajen Samarƙand, ba a garin da aka haife shi ba. A Bukhara hasumiyar Kalyan tana tsaye tun 1127. Tagar jirgi a wannan hanya ba ta nuna tsaunuka masu ɗaukar hankali, gonakin auduga ne da busasshen fili, amma wanda ya ga busasshen filin zai gane darajar kogin Zarafshan da biranen biyu suka dogara da shi, da abin da ya sa ayarin fatake suke yada zango a nan. A lura cewa tashar Bukhara tana garin Kagan, 'yan kilomitoci daga tsohon birni, kuma tikitin Afrosiyob yakan ƙare da wuri.

Saura batun takardu da tikiti, wanda shi ne yake ɓata wa mutane tafiya idan ba su shirya ba. Bizar Shengen guda ɗaya tana ba mutum damar zagaya Sifaniya da Italiya da Ostiriya da Hungari, har da Suwizalan da Norwe duk da cewa ba sa cikin Tarayyar Turai, na tsawon kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ana neman ta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Birtaniya ba ta cikin wannan tsari, saboda haka wanda zai shiga jirgin Eurostar daga Faris zuwa Landan, ta ramin ƙarƙashin teku mai kilomita 50 da aka buɗe a 1994, sai da izinin shiga Birtaniya dabam, kuma ana duba fasfo kafin a hau. Ko a cikin yankin Shengen 'yan sanda sukan shiga jirgi a kan iyaka, don haka fasfo ya kasance a jiki koyaushe. Kuɗin ma ba ɗaya ba ne, domin Suwizalan da Norwe da Hungari da Cek kowacce tana da nata kuɗin, ba yuro suke kashewa ba.

Akwai tikitin bai-ɗaya mai suna Eurail, wanda aka tanada domin waɗanda ba mazauna Turai ba tun 1959, yana aiki a ƙasashe 33. Yana da amfani sosai a Suwizalan da Ostiriya da Jamus, inda mutum yake shiga akasarin jirage ba tare da kama kujera ba. A Sifaniya da Faransa da Italiya kuwa, jirage masu sauri dole ne a kama kujera a biya ƙarin kuɗi, kuma wasu kamfanoni masu zaman kansu ba sa karɓar sa, saboda haka wanda ya riga ya tsayar da ranakunsa sau da yawa zai fi samun sauƙi idan ya sayi tikitin kowace tafiya tun da wuri, domin farashin yana hawa ne yayin da rana take ƙaratowa. A Italiya tikitin takarda na jiragen yanki sai an buga masa hatimi a na'urar da ke tasha kafin a shiga, in ba haka ba tara ce. A Sifaniya ana bincike kaya da na'ura kafin shiga jirage masu sauri, kuma ana rufe ƙofa 'yan mintoci kafin tashi. Idan tafiya tana da canjin jirgi, gara a saye ta a matsayin tikiti ɗaya, domin idan na farko ya makara za a sa mutum a na gaba, abin da ba lallai ya samu ba idan tikitocin a rarrabe suke. Jiragen dare irin Nightjet na Ostiriya suna rage kuɗin masauki, amma kada a yi amfani da su a hanyar da kallonta ake so.

Lokacin tafiya ma sai an duba shi, domin wuraren nan ba su da yanayi ɗaya. A watannin Yuli da Agusta zafin Ƙurɗuba da Ishbiliya yakan wuce digiri 40, Samarƙand da Bukhara su ma suna ƙuna, Benis da Roma kuma sukan cika maƙil da baƙi. A tsakiyar hunturu rana takan faɗi da wuri a arewacin Turai, ta yadda wanda ya tashi daga Oslo da rana zai yi rabin hanyar Bergen a cikin duhu. Watannin Mayu da Yuni, ko Satumba da farkon Oktoba, su ne suka fi haɗa biranen kudu da tsaunuka a tafiya guda. Wanda kuma dusar ƙanƙara yake son gani a kan Bernina, jirgin yana aiki duk shekara, sai dai ya zaɓi na safe, ya duba hasashen yanayi kwana ɗaya kafin ya tashi, domin idan hazo ya sauka a Ospizio Bernina ko bakin tafkin ba a gani.